Me ya sa motar shara ta tsallake kwandona, kuma da gaske ne ƙona komai ake yi?

Tambaya: Wata baiwar Allah da ta koma Ingila da iyalinta watanni biyar da suka wuce ta rubuto cewa a gidan da suka kama haya sun tarar da kwandunan shara uku da wani ɗan bokiti mai murfi. Sau biyu ke nan motar shara tana tsallake kwandon kayan da ake sake sarrafawa, ana manna masa jar sitika. Su bakwai ne a gidan, har da jariri, kuma babban kwandon ba ya kai su mako biyu. Ga shi wata maƙwabciya ta ce mata kada ta wahalar da kanta, wai duk haɗawa ake yi a ƙona. Tana son ta san laifinta, ko za a ci ta tara, da kuma ko wannan rarrabe-rarraben yana da wani amfani.

Amsa: Hajiya, barka da zuwa, Allah ya sa kun shigo a sa'a. Na yi shekaru ina aiki a sashen shara na wata ƙaramar hukuma a nan Ingila. Da bin mota na fara, ina buɗe kwanduna ina dubawa, daga baya na koma ofis inda ake lissafin nauyin abin da aka kwaso da inda aka kai shi. Irin sitikar da aka manna miki, ni ma na manna wa mutane ita da hannuna, don haka ki kwantar da hankalinki tukuna. Sitika ba tara ba ce. A Ingila, kafin a ci magidanci tara a kan yadda yake amfani da kwandonsa, sai an rubuto masa gargaɗi, an ba shi dama ya gyara, kuma sai in abin ya zama cutarwa ga unguwa. Ko ta kai ga tarar, a yawancin wurare ba ta wuce fam 80. Abin da ya faru shi ne ma'aikacin ya ɗaga murfi, ya ga abin da bai kamata ya shiga motarsa ba, ya bar miki.

Ban ga kwandonki ba, amma zan iya cewa ɗaya daga cikin abu uku ya gani: ko kin ƙulle kayan a baƙar leda kafin ki jefa, ko akwai famfas ɗin jariri, ko robobin da ke da ragowar miya da mai. A gidajen 'yan'uwanmu da na shiga, da wuya ya wuce waɗannan.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane duk dokokin nan ba tare da haddace su ba. Ki tuna mai gwangwan da ke zagaya unguwa a gida da kurarsa ko buhunsa, yana sayen tsohon ƙarfe, fasasshiyar tukunya, tsinkakken silifas da kwalabe. Shi ba shara yake kwasa ba, haja yake saye, domin yana da wanda zai sayar wa. In kika miƙa masa tukunya cike da ruɓaɓɓen tuwo, ko dai ya ƙi karɓa ko ya karya kuɗin. To wannan kwandon da aka tsallake, kurar mai gwangwan ce, sai dai ƙaramar hukuma ce ke tura ta. Abin da ke ciki haja ce da za a kai masana'anta, a ware, a ɗaure dami-dami, a sayar wa masu yin takarda, masu narka ƙarfe da masu yin kwalba. Mai saye kuma yana duba tsafta. In datti ya yi yawa a cikin lodi, masana'antar na iya mayar da motar gaba ɗaya, a kai kayan wurin ƙonawa, hukuma ta biya kuɗi a kan abin da ya kamata ya rage mata kashe kuɗi. Wake ɗaya ke ɓata gari. Famfas ɗaya da ya fashe a cikin motar, wadda matse kaya take yi, yana iya lalata takardun gidaje masu yawa.

Mu Hausawa ba baƙin wannan sana'a ba ne, shi ya sa nake jin ciwo in na ji ana cewa baƙi ba su iya ba. Mun taso muna ganin gwangwanin madara ya zama ma'auni a kasuwa ko fitilar aci-balbal, robar ruwa ta koma ta zoɓo da kunun aya, gwangwanayen lemo an narka su sun zama tukwane, tsohuwar taya ta zama takalmi da guga. Bambancin kawai shi ne a can idon mutum da hannunsa ke tantancewa, a nan kuwa yawancin aikin inji ne ke yi, kuma inji ba ya da hankalin mai gwangwan. Kusan kowace doka da aka rubuta miki a takardar hukuma, daga gazawar injin ta samo asali. Bari in shiga da ke cikin masana'antar, domin wanda ya ga wurin sau ɗaya ba ya sake mantawa.

Motar tana juye kayanta a wani makeken fili mai rufi. Katafila ta ɗebo ta zuba a kan bel mai tafiya. Mutanen farko da kayan ke wucewa ta gabansu suna tsaye ne da safar hannu, aikinsu su fizge abin da zai lalata inji: ƙulli na leda, tsummoki, igiya, wayar wuta, tiyo. Bel ɗin gudu yake yi, babu mai lokacin kwance ƙulli ya ga me ke ciki, kuma ba wanda ya san ko allura ce ko fasasshiyar kwalba. Saboda haka duk ƙullin leda, ko da kayan cikinsa tsaf suke, gefe ake jefa shi tare da shara. Wannan shi ne dalilin da ake cewa a zuba kaya a sake, sai fa in hukumarku da kanta ta ba ku leda ta musamman. Buhun shinkafa na saƙa, irin mai kilo 10 ko 20 da muke saye, yana cikin masu wahalar da mu: zarensa naɗewa yake yi a ƙafafun injin, sai an tsayar da aiki mutum ya shiga da wuƙa ya yanke.

Daga nan kayan su shiga wata babbar rariya ta ƙarfe mai juyawa, da wasu faya-fayai da ke wurga abu mai faɗi sama su bar mai nauyi ya gangaro. A nan takarda da kwali ke rabuwa da kwalabe da gwangwanaye. Ƙananan abubuwa, waɗanda ba su kai ƙwai ba, zurarewa suke ta ramukan rariyar su ɓace cikin tarkace. Shi ya sa ake cewa ki mayar wa robar ruwa murfinta bayan kin matse ta, kuma takardar alminiyon ta naɗe gasasshen nama, in ta wanku, ki dunƙule ta da 'yan'uwanta har ta kai girman lemon zaƙi. Sai maganaɗisu ya ɗauke gwangwanayen ƙarfe, na tumatir da na wake da na sadin. Alminiyon ba ya bin maganaɗisu, amma akwai wata na'ura da ke sa shi ya yi tsalle ya bar bel ɗin ya faɗa nasa wurin. Shi ne haja mafi daraja a cikin kwandonki, domin narka tsohon gwangwanin lemo yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na wutar da ake buƙata a yi sabo daga ma'adini, kuma ana iya narka shi sau ba adadi.

Roba kuwa haske ke tantance ta. Na'ura na haska kowace roba, ta gane irinta daga yadda hasken ya dawo, sai ta hura mata iska ta ture ta inda ya dace. Baƙar roba, irin wadda ake zuba abincin sayarwa, shanye hasken take yi, na'urar ba ta ganinta, shi ya sa hukumomi da yawa ba sa karɓar ta. Kwalba ma tana da nata sharaɗin. Ta lemo, ta zuma da ta yaji duk ana so, amma kofin shan ruwa, madubi, tangaran da kwanon gashi na gilashi ba sa narkewa a zafi ɗaya da kwalba, kuma ɗan guntun tangaran na iya ɓata sabbin kwalabe da yawa. Maganar wankewa kuma, ba a ce ki sa sabulu da soso ba. Ki ɗauraye da ruwan da ya rage bayan wanke-wanke, yadda miya da mai ba za su zuba a kan takarda ba. Takardar da ta sha mai ta tashi daga aiki.

Abu guda da nake roƙon ki da babbar murya shi ne batir. Kada ya shiga kowane kwando, ko na shara ko na sarrafawa. Na taɓa tsayawa ina kallon direbanmu yana juye lodi guda a tsakiyar titi saboda hayaƙi ya fara tashi daga bayan motar, kuma da masu kashe gobara suka tona, ɗan batir ne na wani kayan wasan yara. Batirin litiyam, irin na waya, na buroshin haƙori mai caji da na sigarin lantarki, in aka matse shi kamawa da wuta yake yi. Manyan shagunan da ke sayar da batir doka ta wajabta musu ajiye akwatin karɓar tsofaffi, galibi kusa da ƙofa. Haka ƙaramar tukunyar gas, kada ta shiga kwando. Garwashin kaskon turaren wuta ma a bar shi ya mutu murus kafin a zubar. Na ga kwanduna da dama da gindinsu ya narke.

Yanzu maganar maƙwabciyarki. Ba zan ce ƙarya ta yi gaba ɗaya ba, domin akwai inda ta samo zancen. A Ingila kusan rabin sharar da ƙananan hukumomi ke kwasa ƙona ta ake yi a masana'antun da ke samar da wutar lantarki daga zafin. Abin da ake sake sarrafawa daga sharar gidaje ya tsaya wajen kashi 44 cikin 100, kuma ya fi shekara goma bai motsa sosai daga nan ba. Amma abin da ake ƙonawa, mafi yawansa daga babban kwandon shara yake fitowa, tare da kayan da aka ƙi karɓa saboda datti. Hukuma ba ta da wata riba a tura motoci biyu da ma'aikata biyu su bi titi ɗaya don ta haɗe kayan daga baya. Wani lokaci mutane na ganin an juye kwanduna biyu a mota guda sai su yanke hukunci, alhali motar ciki biyu gare ta.

Dalilin da ya sa hukuma ta damu da gaske kuɗi ne. A shekarar 1996 gwamnati ta sa haraji a kan duk tan ɗaya na shara da aka binne, fam 7 a lokacin. Zuwa Afrilun 2025 harajin ya kai fam 126.15, ban da kuɗin da mai ramin ke karɓa. Wannan harajin ne ya sauya komai. A wajen shekarar 2000, kusan kashi 80 cikin 100 na sharar hukumomin Ingila binne ta ake yi, sake sarrafawa kuwa bai fi kashi 11 ba. Yau abin da ake binnewa bai kai kashi 10 ba. Ƙonawa ma ba kyauta ba ce, kowane tan sai an biya. Duk wannan daga harajin gida da mijinki ko ke kuke biya wa hukuma duk wata yake fita, kuma asusu ɗaya ne da na kula da tsofaffi da gyaran titi.

Inda zancenta ya fi ƙarfi shi ne roba. Shekaru da yawa Birtaniya na loda tarkacen roba da takarda a jirgi zuwa ƙasar Sin. A farkon 2018 Sin ta rufe ƙofarta, kayan suka karkata zuwa Malesiya da Turkiyya da wasu wurare, kuma a 2021 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta nuna ledojin shagunan Birtaniya jibge ana ƙona su a gefen hanya a yankin Adana na Turkiyya. Wannan abin kunya ne, kuma ni ban yarda ƙasa mai arziki ta kira abu "an sarrafa" don kawai ya bar tashar jirginta ba. Sai dai ba duk roba ce ɗaya ba. Robar ruwa da ta lemo da galan ɗin madara suna da kasuwa mai kyau a cikin ƙasar, musamman tun Afrilun 2022 da aka sa haraji a kan duk mazubin roba da bai ƙunshi aƙalla kashi 30 cikin 100 na tsohuwar roba ba. Leda mai laushi ita ce marainiya. A yanzu manyan shaguna irin su Tesco da Sainsbury's da Co-op suna da wurin karɓar ta, an kuma sa ƙarshen Maris 2027 a matsayin lokacin da hukumomi za su fara kwasar ta daga gidaje. Gwangwani, kwalba, kwali da takarda kuwa, ki zuba da zuciya ɗaya.

Kada ki dogara da launin kwando, kuma kada ki kwaikwayi 'yar'uwarki da ke wani gari. Shuɗin kwando a nan na takarda ne, a garin gaba na roba, a wani wurin ma na shara. Kowace hukuma da nata tsarin, domin dokar kare muhalli ta 1990 ta ɗora mata kwasar sharar gidaje, ta kuma ba ta ikon faɗin irin mazubin da za a yi amfani da shi. Gwamnati ta yi ƙoƙarin rage wannan ruɗanin da sabon tsari mai wa'adin 31 ga Maris 2026, wanda ya ce kowace hukuma a Ingila ta karɓi kaya iri ɗaya, wato takarda da kwali, roba, ƙarfe da kwalba, ta kuma kwashi ragowar abinci duk mako, ko da yake an ɗaga wa wasu ƙafa saboda tsofaffin kwangilolinsu. Launin dai bai zama ɗaya ba. Ki shiga shafin hukumarku na intanet, ki sa lambar unguwarku, zai nuna miki ranakun kwasa da abin da ke shiga kowane kwando. Da yawa suna da takardar mai hotuna, ki manna ta a jikin firij don yara su gani. Yankin Wales, inda aka fi tsananta rarrabewa tun daga ƙofar gida, ya haura kashi 65 cikin 100 wajen sake sarrafawa, wanda ke nuna cewa tsayawar Ingila a 44 ba ƙaddara ba ce.

Ɗan bokitin nan da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, ni a wurina ya fi sauran muhimmanci, kuma shi zai warware miki matsalar cikar babban kwando. Na ragowar abinci ne: ɓawon doya da na albasa, ƙanzo, ƙashin kaza da na kifi, ɓawon ƙwai, ganyen shayi, burodin da ya yi fumfuna, ɗanye da dafaffe duka. In abinci ya ruɓe a ramin binne shara, inda iska ba ta shiga, yana fitar da iskar gas mai suna metan, wadda ta fi hayaƙin mota ɗumama duniya nesa ba kusa ba. In kuma aka kai shi wurin ƙonawa, fiye da rabinsa ruwa ne, sai ya rage wa wutar ƙarfi. Amma in aka kwashe shi daban, ana zuba shi a manyan tankuna rufaffu ya ruɓe na wasu makonni, a tari iskar a yi lantarki ko a tura ta bututun gas, abin da ya rage kuma a kai gona. Duk wanda ya taɓa ganin jakuna da mangala suna fitar da takin birni zuwa gonakin da ke kewaye da Kano ya san wannan dabarar. Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa juji abincin gona ne.

Abin da ke hana mata amfani da shi wari ne da tsutsa. Ki shimfiɗa masa ledar da hukuma ke bayarwa ko tsohuwar jarida, ki juye shi a babban na waje duk kwana biyu, ki ja hannun ya kulle murfin saboda yanyawa da ke yawo da dare. Kayan cikin kifi da na kaza, a lokacin zafi, ki ƙulle su ki ajiye a firiza har daren da za a kwasa. Za ki ga babban kwandon ya daina wari, domin abin da ke ruɓewa ya bar cikinsa.

Mai kuma, don Allah kada ya bi ta wurin wanke-wanke. Girkinmu na son man gyaɗa da manja, kuma a sanyin ƙasar nan da ya shiga bututu daskarewa yake yi. A 2017 an tarar da wani dunƙulen kitse da tsummokin goge jiki a magudanar ƙarƙashin unguwar Whitechapel a Landan, nauyinsa tan 130, tsawonsa mita 250, aka yi makonni ana fasa shi. Kafin ya kai can ma, bututun gidanki zai fara toshewa, mai gidan haya kuma ya kawo miki takardar biya. In man ya huce ki ɗura shi a roba. Kaɗan ne, ya shiga shara. Da yawa ne, a kai babban wurin karɓar kaya na hukuma, ana mayar da shi man mota.

Bayan mako biyu kina amfani da bokitin za ki ga wani abu da ba za ki ji daɗinsa ba, wato yawan abincin kirki da ke fita daga gidanki. Kowa haka yake gani. Ƙungiyar WRAP, wadda ke bin diddigin wannan a Birtaniya, ta ƙiyasta cewa gidaje na zubar da abinci sama da tan miliyan 6 a shekara, mafi yawansa wanda za a iya ci ne, kuma gida mai mutum huɗu na asarar kusan fam 1,000 a shekara ta nan. Mu namu dalilin daban ne da na Turawa. Hannunmu ya saba da girkin gidan yawa. A gida in tuwo ya kwana a yi ɗumame, in ya ragu akwai almajiri a ƙofa, akwai maƙwabta, akwai kaji da awaki da ke jiran ƙanzo. A nan ƙofa a rufe take, babu mai sallama, amma tukunyar ba ta ragu ba. Na fi ganin haka a watan azumi, lokacin da kwandunan wasu titunan ke yin nauyin da ma'aikata ke gane watan ya kama ba tare da an gaya musu ba. Wannan yana damuna, domin mun taso ana hana mu taka ko ƙwayar hatsi. Ki auna shinkafa da kofi maimakon ido. Miya ki raba ta a ƙananan robobi ki daskarar tun ranar da aka yi. Ki kuma bambance rubutun kwanan wata iri biyu da ke jikin kaya: wanda ke kan nama da kifi, mai cewa a yi amfani da shi kafin rana kaza, na lafiya ne, ba a wasa da shi, wanda ke kan shinkafa, taliya, biskit da kayan gwangwani, mai cewa ya fi daɗi kafin rana kaza, na inganci ne kawai, abincin bai lalace ba don ranar ta wuce. Sake sarrafawa na da kyau, amma abin da ba a saya ba balle a zubar ya fi shi sau goma, ga aljihu da ga ƙasa.

Game da kwandon da ba ya isar ku: ku bakwai ne da mai famfas, kuma yawancin hukumomi na ba gida mai mutum biyar ko shida zuwa sama, ko mai yara a famfas, babban kwando ko ƙarin guda, in an nema. Ba sa bayarwa sai an tambaya. Za su iya turo wani ya duba ko kuna rarrabewa yadda ya kamata, don haka ki fara da bokitin abinci kafin ki cike takardar. Wasu na da kwasar famfas ta daban, wasu na ba da tallafin sayen kunzugun wanki. Ƙarin kwandon sarrafawa kuwa galibi kyauta ne. Kada ki ji nauyin nema, haƙƙinku ne, kun biya. Abin da ba a so shi ne ajiye leda a gefen kwando ko cika shi har murfi ya ƙi rufuwa. A wurare da yawa ba za a ɗauka ba.

Tufafin da yara suka fi ƙarfinsu kada su shiga kowane kwando. A wanke, a kai shagon sadaka ko akwatin tufafi. Wani kaso nasu shi ne gwanjon da ke sauka a kasuwar Kantamanto ta birnin Accra a Gana, irin wanda muke gani a Ƙofar Wambai, don haka ki tura abin da ke da sauran amfani. Yagaggen tsumma in ya je can juji yake komawa a garin da ba shi da injin sarrafa shi. Takardun da ke ɗauke da ayoyi ko sunan Allah, na san ba za ki so su haɗu da shara ba. Ki ware su ki tambayi masallacinku, wasu na tarawa.

Inda tara mai zafi take shi ne manyan kaya: katifa, kujera, firij, tsohon kafet. Ta hannun hukuma hanya biyu ce. Ko ku kai da kanku babban wurin karɓar kaya na hukuma, wanda kyauta ne ga mazauna yankin, sai dai wasu na so a kama lokaci ta intanet a kuma zo da shaidar adireshi, ko ku biya hukuma ta zo ta ɗauka daga ƙofa. Ajiye katifa a bakin titi da fatan wani zai so, laifi ne da tararsa ke iya kai fam 1,000 nan take, ko fiye in an je kotu. Za ki kuma ga masu motar ɗaukar kaya suna talla a Facebook cewa za su kwashe komai a fam 30. Araha ba ta ado. Da yawansu a bakin gona ko lungu suke juyewa, in jami'ai suka tona suka ga ambulan mai adireshinku, ku za a nema, kuma tarar na iya kai fam 600 ko da ba ku kuka zubar ba. Doka ta ɗora wa magidanci ya tabbatar wanda ya ba sharar yana da rajista da hukumar kula da muhalli. Ki nemi lambar rajistarsa, ki duba ta a shafinsu, ki ɗauki hoton lambar motar, ki karɓi rasit. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Wannan kwandon mai sitika kuwa, ba za su dawo masa ba sai ranar kwasa ta gaba. Ki sa safar hannu, ki juye shi a kan tsohon buhu a bayan gida, ki kwance duk ƙullin leda, ki cire famfas da abin da ya jiƙe da mai ki sa a shara, sauran ki mayar a sake, ki ɓare sitikar. In kayan sun yi yawa, a kai rarar babban wurin karɓa a ƙarshen mako. Ki fitar da kwandon da daddare kafin ranar kwasa, hannunsa na kallon titi, domin motar kan iso tun kafin bakwai na safe. In kin yi duk wannan aka sake tsallake shi, to wannan karon kuskurensu ne: ki kai rahoto ta shafinsu ko ta waya cikin kwana ɗaya ko biyu, za su turo mota ta ɗauka.